Ranar da Baba Ya Karɓi Shayi da Hagu

Mutumin da aka ce zai tarbe mu a filin jirgin Cennai ta ƙasar Indiya ya zo, ba zan yi masa ƙarya ba. Yana riƙe da kwali mai sunan Baba, baki har kunne, ya karɓi jakunkunanmu kamar wani ɗan'uwa. Da muka shiga mota sai ya miƙo wa Baba robar ruwa da hannun hagu. Baba ya kalli robar, ya kalli mutumin, ya kau da kai, alhali leɓensa ya bushe don ƙishirwa. Ya sunkuyo ya ce mini da Hausa, wannan ba za mu wanye lafiya da shi ba.

Na ce a raina, tsohon nan ko a ƙasar wasu bai bar halinsa ba. Mahaifina, Baba Yohanna, abu biyu aka san shi da su a layinmu na Romi a Kaduna, gyaran keken ɗinki da faɗan hagu. Tun da aka rufe masaƙar da ya yi wa aiki a Kakuri ya koma gyaran kekuna, kuma ko kuɗin aikinsa ka miƙo da hagu sai ya bar ka tsaye har ka gane laifinka. Cewarsa hagu ba hannu ba ne, ɗan rakiya ne. Sai Allah ya jarrabe shi da ni, 'yarsa ta fari, aka haife ni bahaguwa. Na sha ludayi a bayan hannu har na koyi ci da rubutu da dama. Yanzu malamar firamare ce ni, da dama nake riƙe alli, amma in na shiga kicin ba kowa da hagu nake yanka kuɓewata.

Zuciyarsa ce ta kai mu Indiya. Ya fara da haki in ya taka daga gida zuwa bakin titi, sai wata Lahadi ya yanke jiki ya faɗi a coci ana tsakiyar waƙa. Likitocin gida suka ce ɗaya daga ƙofofin zuciyarsa ta ƙanƙance, ba ta buɗewa sosai, sai an canza ta. Bawul suka kira ta, Baba kuwa ya ji daɗin kalmar don ya san ta a tayar keke. Dangi da 'yan coci da amininsa Alhaji Mudi, wani tela a Makera, suka haɗa hannu. Ni aka zaɓa in raka shi saboda Turanci, kuma saboda duk gidan ni kaɗai ce ke iya yi masa gardama.

Zango na farko shi ne ɗakin da ɗan tarbar nan ya kama mana. A waya ya ce kusa da asibiti ne, da wurin girki. Muka tarar da shi can ƙolin wani bene, ba na'urar hawa, ga mai ciwon zuciya. Baba ya hau yana hutawa a kowace kwana, ni ina bayansa da hannu a shirye. Washegari mutumin ya zo da mota ya kai mu wani asibiti daban, ba wanda muka yi magana da su tun daga gida ba. Ya ce wannan ya fi, no furobilam. Na duba wurin, na duba yadda masu karɓar baƙi ke gaishe shi kamar ɗan gida, na gane lada yake samu a kan kowane mara lafiya da ya kawo. Na ce a mayar da mu inda muka nufa. Ya sauke mu a ƙofar, ya ce yana zuwa. Har yau yana zuwa.

Muka samu wuri muka zauna. Sannan Baba ya gyara hula ya ce, ai ya faɗa mini tun a mota. Duk wahalar da muke ciki, na ga yana jin daɗin cewa maganarsa ta fito.

A zauren jiran asibitin ne na gane baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Mutane cike, Larabawa, 'yan Afirka, Indiyawa, kowa da yarensa da ambulan hotonsa. Ban san layin da zan bi ba, ban san inda za mu kwana ba. Ina tsaye hawaye na neman kunyata ni sai na ji wata murya a bayana tana cewa da Hausa, “Alhaji, aje gyaɗar ga, likita ya hana ka.” Na juya kamar an kira sunana.

Hajiya Rabi ce, daga Maraɗi. Ta kawo mijinta Alhaji Isufu, wani ɗan kasuwar albasa mai tumbi da son dariya, shi ma bawul za a canza masa. Ba ta tambaye ni addini ko ƙabila ba, ta dai ji Hausa a bakina ta ce ɗiyata. Kafin la'asar ta samo mana ɗaki a ƙasa, a gidan da suka sauka, taku kaɗan daga asibiti. Ita ta kai ni kasuwar bayan layi, inda na tsaya baki buɗe gaban wata tsohuwa mai tallan ganye. Yakuwa ce a gabanta, jajayen kara da komai, ga zogale dami-dami. Ashe su ma suna ci. Na sayi yakuwar nan na rungume ta kamar na ga 'yar garinmu. Ranar na yi wa Baba fate da ɓarzajjiyar shinkafa, tun da ba tsakin masara, ya ci ya ce ba laifi, wanda a bakinsa babban yabo ne.

Likitan da zai yi aikin dattijo ne siriri, gashi fari fat, yana magana a hankali. Bayan an sa Baba cikin na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki, ya kira mu ofishinsa ya juyo mana da allon kwamfuta. Ya ce bawul ɗin bai dame shi ba, irinsa ya saba canzawa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya ta raba jini ga duk jiki, wadda suke kira ayota. Ta Baba, in ji shi, kitse da wani abu mai kama da alli sun daɗe suna daskarewa a bangonta ta ciki, wani wuri ya yi tauri, wani wuri ya yi gutsi-gutsi. A wajen aikin kuwa dole a matse jijiyar nan, a yanka ta, kafin a kai ga bawul. In ɓarɓashi ya ɓalle jini zai tafi da shi, inda ya maƙale nan ne matsala. In ƙoda ce, ƙoda ta sha wuya. In ƙwaƙwalwa ce, ɓarin jiki na iya shanyewa.

Na rasa ta inda zan juya wannan zuwa Hausa, don mu komai jijiya ne, ta jini da ta nama duk suna ɗaya. Ina cikin kame-kame Baba ya matso ya ƙura wa hoton ido.

“Ƙanzo ne,” ya ce. “Tukunyar ta tsufa.”

Na bayyana wa likita mene ne ƙanzo, ɓawon tuwon da ke manne a gindin tukunya. Ya yi dariya ya ce su ma suna da shi a tukunyar shinkafa, yana ta kaɗa kai gefe da gefe irin nasu. Baba ya ga ana girgiza kai ya ɗauka an ce ba za a yi ba, har ya fara laluben sandarsa. Sai da na rantse masa cewa a ƙasar nan haka ake cewa i.

Baba ya sa ni in tambaya yaya aka yi Alhaji Isufu, da tumbinsa da gyaɗarsa, aka ce tasa jijiyar sumul take, shi kuwa da ba shi da nama ko na miya tasa ta yi ƙanzo. Likita ya ce ba a gane ta da kallon jiki. Ya tambayi hawan jini, na ce Baba na da shi shekara da shekaru, amma maganin sai ranar da kansa ya yi ciwo yake sha. Ya tambayi taba, Baba ya dubi silin. Ashe zamanin masaƙa ya sha ta ya ƙoshi kafin a haife ni. Na tambayi ko ba za a iya zura sabon bawul ɗin ta cinya ba, kamar yadda na ji ana yi. Ya ce yanayin bawul ɗin Baba bai dace da hakan ba, kuma ko an bi ta can, wayar ta cikin jijiyar nan za ta ratsa. Abin da zai yi shi ne ya haska jijiyar a lokacin aikin ya nemi wuri mai tsabta kafin ya taɓa, ya kuma jona injin da ke riƙe jini ta wata jijiya kusa da kafaɗa. Hakan zai rage hatsarin, ba zai kawar da shi ba. In kuwa aka bar bawul ɗin, shi ba zai jira mu ba.

Baba ya ce a yi, amma in roƙi likita kada ya kankare tukunyar. Kafin mu fita likitan ya tsayar da ni. Ya ce bayan aiki in sa ido, fuska, magana, hannu, ƙafa, duk abin da ya sauya in faɗa nan take, don ni na san shi, su ba su san shi ba. Ya ce kuma Baba ya riƙa faɗa musu gaskiyar abin da yake ji. Na amsa da to, amma na san wanda nake tare da shi. Ranar da ya faɗi a coci, ana yayyafa masa ruwa aka ce ya jiki, ya ce da sauƙi.

Ranar aikin ni da Hajiya muka wuni kan benci ɗaya, ita da carbinta, ni da addu'ata. Ta kama hannuna ta ce asibiti na Indiyawa ne, amma rai na mai shi ne. Baba ya farka. Aka ce ya matse hannu, ya matse da duka biyun, ya motsa yatsun ƙafa. Ƙodarsa ta yi nawa na 'yan kwanaki, fitsari ya ragu, hankalina ya tashi, sai ta farfaɗo. Alhaji Isufu da aka yi wa nasa a makon nan tuni yana zagaya baranda yana tambayar inda ake sayar da tsire. Aka dawo da Baba ɗakin marasa lafiya, na kira Mama a Romi na ce mun haye.

Wata safiya ina ninke zani a gefen gado sai ga Sista Lisi da shayin safe. Wata nas ce ƙarama mai ɗan gicciye a wuya, Baba na sonta don tana ce masa Papa. Ta tambaye shi jiki ya ce fain, fain. Ni ma na tambaya ya ce da sauƙi. Ta miƙa masa kofi, ya ɗaga hannun hagu, hannun da ma allurar ƙarin ruwa ke ciki, ya karɓa. Daman na ƙarƙashin bargo. Na ajiye zanin.

“Baba, da wane hannu ka karɓa?”

“Ina ruwanki?”

“Fito da dama in gani.”

“Barci yake. Na kwanta a kansa ne.”

“Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

Bai fito da shi ba. Na juya wajen Sista Lisi na ce ta kira likita. Ta ce ai yanzu ya ce lafiya lau, kuma majinyata da kowane hannu suke karɓar abu. Na ce mata mutumin nan tun da nake bai taɓa karɓar ko allura da hagu ba, ruwa ma ya ƙi karɓa a filin jirgi yana fama da ƙishirwa don da hagu aka miƙo. Sai na ga fuskarta ta sauya. Ta ce kakanta ma haka yake. Ta zare kofin daga hannunsa kafin ya kai baki, ta danna ƙararrawa, ta yaye bargon. Hannun na kwance a kan cinyarsa, yatsun sun lanƙwashe, bai iya ɗaga shi ba.

Hoto ya nuna wani ɗan ɓarɓashi ya ɓalle ya toshe ƙaramar jijiya a ƙwaƙwalwa. Ba za a iya ba shi maganin da ke narkar da gudan jini ba saboda ɗinkin ƙirjinsa ɗanye ne, wurin kuma ya yi ƙanƙanta da a zura waya a ciro. Amma sanin da aka yi da wuri bai tafi banza ba. Suka daidaita jininsa, suka sauya magunguna, suka gwada haɗiyarsa suka tarar ruwa na sarƙe shi. Da ya sha shayin nan, zai iya shiga huhu, ga ƙirji a ɗinke. Likitan ya zo ya zauna a bakin gado, ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya ba da haƙuri. Baba, da bakinsa da ya ɗan karkace, ya ce in gaya masa tukunyar tasa ce, ƙanzon ma nasa ne, mai gyara ba shi da laifi.

Zangon da ya biyo baya shi ya fi kowanne tsawo. Sabon bawul na aiki lafiya, hakin ya tafi, bakin ya miƙe, haɗiya ta gyaru. Hannun ne ya ƙi. Kullum mai gasa jiki na zuwa ta ba shi ƙwallon roba ya matsa, yatsu biyu su ɗan motsa, shi ke nan. Baba kuwa ya daina cin abinci. Da hagu ba zai ci ba, a baki kuma ba za a ba shi kamar jariri ba. Ya rame har ƙasusuwan wuyansa suka fito. Likita ya ce mini ɗinki ba ya warkewa da yunwa, in haka ta ci gaba ba zai sallame mu ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira Mama ta yi kuka a waya. Abin da kawai ya ce shi ne kada a gaya wa Alhaji Mudi, kuma shi bai ga da fuskar da zai koma Romi yana gaisawa da mutane da hagu ba.

A tsakiyar wannan su Hajiya suka samu sallama. Na yi musu murna da baki, a ciki kuwa kishi nake ji, aiki ɗaya, likita ɗaya, nata na tafiya gida da ƙafarsa da hannunsa. Ta bar mini tukunyarta da rishonta, ta rungume ni ta ce ɗiyata, tsoho lallaɓa shi akai, ba a cin shi da yaƙi. Da motarsu ta sha kwana na zauna a dakalin gidan na yi kuka mai isata. Kewar gida ta taso mini gaba ɗaya. Lokacin damina ne a Kaduna, na san masara ta fito, ana gasa ta a bakin hanya a Gonin Gora, yaran ajina kuma suna hannun wata.

Washegari na je wajen tsohuwa mai yakuwa. Na dama fate mai kauri a tukunyar Hajiya, na kai asibiti da cokali biyu. Na zuba a kwano ɗaya na ajiye tsakaninmu, ban ce masa ya ci ba. Na ɗauki cokalina da hagu na fara ci. Rabona da yin haka a gabansa tun ina 'yar mitsitsiya, har sai da na ji bayan hannuna na jiran ludayi. Ya bi cokalin da ido daga kwano zuwa bakina.

“Ladi, wace irin rashin kunya ce wannan?”

“Baba, haka Allah ya yi ni. In ba ka nan da shi nake ci, kuma loma ba ta taɓa ɓatan hanya ba.”

 Ƙamshin yakuwa ya cika ɗakin. Can sai na ga hannunsa na hagu ya taho a hankali kamar mai satar nama a miya. Cokalin farko a rigarsa ya ƙare. Na yi kamar ban gani ba, na dai juya masa kwanon yadda mu bahagwai muke yi, na nuna masa ya kwantar da gwiwar hannu a kan tebur. Na biyu ya isa. Muka cinye kwanon tas, ya goge baki ya ce gishiri bai ji ba. Na ce likita ne ya hana, ya ce likitan nan ya cika shisshigi.

Muka dawo gida da sabon bawul, da jakar magunguna da zai sha har iyakar rayuwa, da hannun da ba ya rufe yatsu. Romi ta cika gidanmu, 'yan coci, maƙwabta, mata masu ɗinki. Baba ya zauna a kujerarsa ya rufe hannun da tawul, duk wanda ya shigo sai ya ɗaga masa kai daga nesa. A ɗaki yana ci da hagu, amma a gaban mutane ko ruwa ba ya karɓa. Na ga kamar na dawo da rabinsa ne, rabin na can Indiya.

Ana haka sai ga Alhaji Mudi daga Makera a bayan ɗan acaɓa, rungume da kan keken ɗinkinsa a cikin buhu. Ya yi sallama, ya ajiye buhun, ya miƙo hannu kamar yadda ya saba shekara da shekaru. Baba ya sunkuyar da kai.

“Alhaji, a gafarce ni. Hannun ya zama baƙo.”

Alhaji ya matso kusa. Ya durƙusa ya janye tawul ɗin, ya ɗago hannun daman nan da hannuwansa biyu, ya riƙe shi ya jima. Ya ce shi da wannan ya saba gaisawa, baƙo ko ɗan gari. Sannan ya kwance buhun ya ce keken na tsallake zare tun watan da muka tafi, kuma bai bari kowa ya taɓa shi ba. Baba ya ce da wane hannun zai gyara. Alhaji ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma ga nasa biyu sun zo a banza.

Na kawo akwatin kayan aiki. Alhaji ya riƙe keken, Baba ya ɗauki sukudireba da hagu. Ta zame, ya yi tsaki, ta sake zamewa. Ya kira ni ba tare da ya dube ni ba, ya ce in nuna masa yadda ake riƙewa. Na gyara masa yatsu. Suka duƙufa su biyu, wannan na cewa matsa nan, wancan na cewa ai kai ka cika shi da mai, har rana ta karkata. Da Alhaji ya juya ƙafar keken da hannu, allura ta sauka ta ɗauko zare, ɗinki ya fito a miƙe a kan ƙyalle.

Baba ya ɗaga hannun hagunsa da ya yi baƙi da mai, ya juya shi gaba da baya yana kallo. Sannan ya dube ni.

“Ladi,” ya ce, “ashe shi ma hannu ne.”

Ya miƙo mini shi a gaban Alhaji da Mama da duk wanda ke tsakar gidan. Na karɓa da nawa.